Zauren Iyali: Alƙalami da Asirin Gida

Yau zancenmu a kan rubutun ƙagaggen labari ne, da masu yin sa, da masu sha'awar su fara. Dalili kuwa shi ne yawan matasanmu, musamman 'yan mata, da ke cika littattafan rubutu da labarai suna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, da kuma iyayen da hankalinsu ke tashi duk ranar da suka ci karo da irin waɗannan takardu. Tsoron iyaye guda ne, ko da ba su furta ba: kada yarinya ta tona asirin gida. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma duk mai son zama marubuci a cikinmu sai ya san yadda zai yi da shi tun kafin ya koyi tsara babi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A nan arewacin Kamaru muna da marubuciyar da sunanta ya kai inda na wani ɗan yankin nan bai taɓa kaiwa ba a fagen littafi, wato Djaïli Amadou Amal. An haife ta a Marwa a 1975, mahaifinta Bafulatani, mahaifiyarta 'yar Masar. Ta sha faɗa a hirarrakinta cewa tun tana ƙarama karatu ya shiga ranta, har takan haura katanga ta shiga ɗakin karatu na mishan ɗin Katolika don aron littafi, gudun kada a gan ta tana shiga ta ƙofa a yi mata wata fassara. Mu dakata a nan kaɗan, domin akwai abin kunya a gare mu cikin wannan labari. 'Yar Musulmi, al'ummar da wahayin farko da ya sauko mata ya yi umarni da karatu kuma ya ambaci alƙalami, ba ta sami inda za ta ari littafi ba sai a gidan maƙwabta. Mai son ya san dalilin ƙarancin marubuta a cikinmu, to ya ƙirga ɗakunan karatun da ƙungiyoyinmu da masallatanmu suka buɗe.

An aurar da ita tana da shekara 17, ba da son ranta ba, ga wani attajiri da ya girme ta nesa ba kusa ba. Auren ya mutu a 1998 bayan shekara biyar. Ta sake aure, ta yi kimanin shekara goma, sannan ta fita saboda azabar da ta ce ta sha, ta koma Yawunde. A can ne ta sayar da gwala-gwalanta ta sayi kwamfuta da tebur da kujera, ta zauna rubutu. Duk macen da ke karanta wannan shafi ta san matsayin zinariya a wurin mace: ita ce ajiyar ranar wuya, ita ake ɗauka in ciwo ya zo ko biki ya taso. Wadda ta mayar da ita tebur da kujera ba wasa ta zo yi ba.

Littafinta na farko, Walaande, ya fito a Yawunde a 2010, lokacin tana da shekara 35. Kalmar ta Fulatanci ce, kuma kowace uwargida da amarya ta san abin da take nufi: kwana, ko ranar girki, wato rabon da miji ke yi tsakanin matansa. Labarin mata huɗu ne a gidan wani Alhaji mai dukiya a Marwa. A 2013 ta fitar da Mistiriijo, labarin tsohuwar da aka ɗora wa maita. A 2017 sai Munyal, wato haƙuri, wanda ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019. Ta sake zama ta gyara shi, aka buga shi a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes, ya kai cikin littattafai huɗu na ƙarshe a gasar Goncourt, sannan ɗaliban lise na Faransa suka zaɓe shi gwarzon tasu gasar a watan Disamba na wannan shekara. Kafin ita, Léonora Miano 'yar Duwala ta ci wannan kyauta ta ɗalibai a 2006. Daga baya hukumomin iliminmu suka shigar da Munyal cikin littattafan ajin ƙarshe na lise, ta haka ya shiga gidaje da dama a cikin jakar 'ya'yanmu. Ba ta tsaya ba: Cœur du Sahel ya fito a 2022, a kan yarinyar ƙauye da ta zo Marwa aikatau, sai Le Harem du roi a 2024, a kan likitan da aka kira ya gaji sarautar lamido.

Idan mai karatu ya sake duba sunayen littattafanta uku na farko, zai ga abin da nake son matasa su fara lura da shi. Girki, maita, haƙuri. Ba ta je Faris neman abin rubutawa ba. Kalmomi ne da take ji a tsakar gida tun tana goye, waɗanda kowa ya saba da su har ba ya jin nauyinsu. Aikin marubuci shi ne ya ɗauki irin wannan kalma ya juya ta, ya duba abin da ke ƙarƙashinta. Ranar da za a kai amarya, kowace gwaggo da inna abin da take faɗa ke nan: ki yi haƙuri, zaman aure ɗan haƙuri ne. Gaskiya ne kuwa, haƙuri ibada ne mai girman lada. Amma Djaïli ta yi tambayar da mutane da yawa suka sani a zuci ba su furta ba: shin haƙurin da Allah Ya yaba shi ne wanda ake ɗora wa yarinyar da ta dawo gida da kumburarriyar fuska, a ce ta koma kafin maƙwabta su ji? A cikin Munyal mata uku ne ke magana, kowace da bakinta: Ramla, da aka raba da wanda take so da kuma burinta na karatu aka ba attajiri, Hindu 'yar'uwarta, da aka haɗa da ɗan'uwa mashayi, da Safira, uwargidan da aka yi wa kishiya da Ramla. Wannan ta ukun ita ce ta fi nuna gwanintar marubuciyar a ganina. Da wani ɗan koyo ne, da ya mayar da uwargida muguwa tsantsa, mai bin bokaye kawai. Ita kuwa ta bar ta ta faɗi nata ciwon, har mai karatu ya ga cewa wadda ke cutarwa ita ma an cuce ta.

To, mu koma kan tsoron iyaye. Akwai masu cewa wannan baiwar Allah ta kwance wa Musulmin arewa zani a kasuwa, kuma Turawa sun ba ta kyauta ne don ta faɗi abin da suke son ji game da mu. Ba zan yi watsi da wannan magana gaba ɗaya ba. Bature da bai taɓa taka Garwa ko Marwa ba, in littafi ɗaya kawai ya karanta, yana iya zaton kowane gida haka yake, alhali kuwa mun san gidajen da kishiyoyi ke renon 'ya'yan juna har baƙo ba ya gane ɗan wannan da na waccan. Haka kuma ba dole ne mu yarda da duk ra'ayinta game da auren mace fiye da ɗaya ba, tunda Allah Ya halatta shi bisa sharaɗin adalci. Sai dai a yi mata adalci ita ma. Littattafanta uku na farko a Yawunde aka buga su, 'yan ƙasa suka fara karanta su shekara goma kafin Faransa ta yi mata kirari. Ta kuma sha nanatawa cewa ba addini take zargi ba, al'adun da aka lulluɓe da rigar addini take nufi. Kuma abin da ta faɗa, wane ne cikinmu zai dafa Alƙur'ani ya ce bai taɓa gani ba a unguwarsu?

Kai kuka a kan zalunci ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Khaula 'yar Sa'alaba ta je gaban Manzon Allah (SAW) tana kai ƙarar mijinta, Allah Ya ji kukanta, sura guda ta sauka da ake kira Mujadala, muna karanta ta a cikin salla har gobe. Khansa'u 'yar Khidam mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara, aka warware auren, kamar yadda ya zo a Bukhari. Waɗannan labaran cikin gida ne, amma ba a binne su ba, domin akwai hukunci da darasi a cikinsu. Abin da shari'a ta hana shi ne giba, wato a ambaci wani takamaimai a bayan idonsa da abin da ba zai so ba. A nan ne ƙagaggen labari yake da wata falala da hirar tsakar gida ba ta da ita: yana iya faɗin laifi ba tare da ya nuna mai laifi ba.

Amma fa wannan falala ba ta samuwa da sauya suna kawai. Yarinyar da ta rubuta labarin kawunta, ta bar masa sana'arsa da unguwarsa da adadin matansa da irin motarsa, sannan ta mayar da Alhaji Wane ya zama Alhaji Wancan, ba labari ta ƙaga ba, gulma ta buga a takarda, kuma gulmar takarda ta fi ta baki daɗewa. A gari kamar Pitowa, inda kowa ya san kakan kowa, kafin la'asar an gane wanda ake nufi. Hanyar da ƙwararru ke bi ita ce su tara mutum biyar ko goma su narka su, su fito da mutum ɗaya wanda ba kowa ba ne, amma kowa zai ce ya san irinsa. A ɗauki fushin wannan, da rowar wancan, da kyautar wani daban, domin ba mugun da ba shi da wani gefe na alheri. Ma'aunin da zan ba ɗan koyo shi ne: in an karanta labarinka a zaure aka ce “wallahi haka ake yi”, ka yi aiki, in aka ce “ai wane ne”, to ka koma ka sake. Sannan akwai abin da aka ba ka amana, kamar sirrin da ƙawa ta faɗa miki tana kuka. Wannan ba kayan labari ba ne, komai daɗinsa, sai da izinin mai shi.

Wani abin da ke kayar da masu farawa shi ne rubutu a kan aure da saki ba tare da sanin hukuncinsu ba. Sai ka ga an yi saki uku an mayar da aure ba bayani, ko an ɗaura wa mace aure tana cikin idda, marubucin bai ma san ya yi ɓarna ba. Batun tilas ɗin kansa yana da zurfi: malaman Malikiyya sun yi magana a kan ikon uba a kan 'yarsa budurwa, sun kuma kafa masa iyaka da cewa kada a cutar da ita. Wanda zai rubuta labarin auren dole bai san wannan ba, ko dai ya zagi abin da bai fahimta ba, ko ya kare abin da shari'a ba ta kare ba. Risala da Iziyya da ake karantawa a zaurukanmu kayan aikin marubuci ne kamar yadda ƙamus yake. In an gama rubutu, ba laifi a kai wa malami babin da ya shafi hukunci ya duba.

Ba a ƙasarmu kaɗai aka bi wannan hanya ba. A Kano akwai Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana 'yar shekara goma sha, auren bai daɗe ba ya mutu. Ta koma ta nemi ilimi a ajin manya, ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990, duk da Hausa. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci. Ita ma an ce ta tona asiri, an yi mata ca, amma yau ana nazarin littattafanta a jami'o'i. Matan nan biyu, ɗaya da Faransanci ɗaya da Hausa, abu guda ya haɗa su: ba su rubuta ciwonsu yana ɗanye ba. Shekaru sun shuɗe tsakanin abin da ya same su da fitowar littafin, har zafin ya lafa, suka iya kallon kowa a cikin labarin da idon adalci. Mai rubutu cikin fushi ramuwa yake yi, kuma mai karatu yana jin warin ramuwa tun daga shafin farko.

Sai batun karatu. Djaïli takan ambaci waɗanda suka buɗe mata ido, cikinsu har da Mariama Bâ ta Senegal, mai Une si longue lettre na 1979, da Seydou Badian na Mali, mai Sous l'orage, da Amadou Hampâté Bâ. Alhaji Abubakar Imam, da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933 yana malamin makaranta a Katsina ɗan shekara 22, bai zauna rubuta Magana Jari Ce ba sai da ya sha tatsuniyoyin Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya narka su suka koma kamar a ƙasar Hausa aka haife su. Yau da yawa cikin matasanmu suna son a karanta su, amma su ba su karanta littafi goma ba. Rijiyar da ba ruwa ba ta ba guga komai. A Garwa akwai ɗakin karatu na Alliance, akwai masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a kasuwa, akwai littattafan Kano da fatake ke shigowa da su ta Yola.

Bayan ido sai kunne. Wanda ya zauna a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, daga hantsi zuwa azahar, da ɗan littafi a aljihu, zai ji yadda dillalin shanu ke rantsuwa, da yadda mai albasa ke kukan faɗuwar farashi, da yadda Bafulatana mai nono ke mayar wa mai taya ta da baƙar magana cikin murmushi. Fulatanci da Hausa da Falanci da Faransanci suna cakuɗe a baki guda. Labaran da ke jiran marubuci a yankin nan ba su ƙare a kan soyayya da kishi ba. Akwai manomin auduga da ke jiran kuɗinsa bashi na bin sa, akwai masuntan da suka taru a Lagdo daga ƙasashe daban-daban bayan an datse Binuwai a farkon shekarun 1980, akwai tsofaffin da suka ga zamanin da jiragen ruwa ke zuwa tashar Garwa da damina, akwai jikokin fataken goro da suka kafa unguwannin Hausawa tun daga nan har Yawunde. Waɗannan tsofaffi ba za su jira mu ba.

Da wane harshe za a rubuta? Djaïli ta zaɓi Faransanci, shi ya kai ta duniya, amma matan da ta rubuta dominsu da yawa ba za su iya karanta ta ba sai an fassara musu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana duban wanda take son saƙon ya isa gare shi. Ni dai ina ƙarfafa wa wanda ya tashi da Hausa ya gwada ta, domin masu jin ta miliyoyi ne daga Sudan har Gana, kuma tun 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai ta mata mai suna Hikayata. Sai dai akwai aikin da ya hau kanmu mu 'yan Kamaru, da muka koyi haruffa a makarantar Faransanci. Mukan rubuta “tchiki” maimakon ciki, “doukia” maimakon dukiya, “djini” maimakon jini, mu kuma bar ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa. Alhali kuwa ƙafa daban take da kafa, ɗaki daban da daki, ɓata daban da bata. Editan Kano ko Zariya da ya ga shafin farko a haka ba zai kai na biyu ba. Mako biyu da littafin ƙa'idojin rubutun Hausa sun isa a gyara wannan.

Kada kuma a manta cewa littafin da ya ci kyauta a Faransa gyararren littafi ne, wanda an riga an buga shi, ya riga ya ci wata kyautar, duk da haka mai shi ta yarda ta sake zama a kansa ta rage ta ƙara. Ɗan koyo kuwa da zarar ya sa aya ta ƙarshe sai ya watsa a WhatsApp a daren. A ajiye rubutu wata guda, a dawo a karanta shi da ƙarfi kamar na wani. Duk inda harshe ya sarƙe, jimlar ce ba ta yi ba. Game da kuɗi kuwa, kada kowa ya bar sana'arsa ko karatunsa saboda littafi. Imam yana koyarwa ya rubuta nasa, kuma mafi yawan marubutan Kano da kuɗin aljihunsu suka fara bugawa. A yi hattara da mai maɗaba'ar da zai karɓi kuɗi da rubutu ba tare da yarjejeniya a takarda ba.

Ku kuma iyaye, Alhaji da Hajiya, in kun tarar da irin wannan littafi a ɗakin 'yarku, kada ku yaga, kada ku karanta shi a gaban ƙannenta ana dariya. Ku mayar da shi inda kuka gan shi, ku nemi lokaci ku tambaye ta ko za ta karanta muku wani abu daga ciki. In akwai abin da ya taɓa mutuncin wani sananne, ku nuna mata ta sauya. In akwai kuskuren hukunci, ku haɗa ta da malama. In kuwa kun ji wani kuka a cikin labarin da ya yi kama da na gidanku, to ku saurara da kyau, domin yara da yawa sukan sa wa 'yar cikin labari abin da kunya ta hana su faɗa wa uwa da uba. A rage mata aikin gida na awa ɗaya bayan isha'i, a bar mata fitila, a saya mata littafin rubutu da biro idan an je kasuwa ranar Lahadi. Wassalamu alaikum.